Sanda Ta Goma Sha Biyar

Ranar ƙarshe ta gasar golf a Rabat, tana kan gaba, ta laluba aljihun jakarta don neman ƙwallo, sai ta ji sanda. Sandunan buga ƙwallo goma sha huɗu doka ta yarda ɗan wasa ya ɗauka. Wannan ta goma sha biyar ce.

"Baba, mene ne wannan?"

Tsohon, wanda ya shekara ashirin yana ɗaukar mata jaka, ya sunkuyar da kai.

"Cewa na yi ta raka ki."

Guntuwar sandar da ya yanke mata ce tana 'yar shekara biyar.

Da bakinta ta kira alƙalin wasa. Tarar makin da aka ci ta ita ta raba ta da kofin.

Da yamma ya ɗaga sandar zai wurga cikin tafki. Ta riƙe hannunsa.

"Haba Baba! Kofi akwai na baɗi. Wannan fa, ina zan samo wata?"