Munduwar Biko

Baba manomi ne, bai gaji ƙira ba. Amma da Inna ta yi yaji zuwa Kudan, sai ya kafa 'yar maƙera a bayan rumbunmu, zai ƙera mata munduwa da ƙusar layin dogon Turawa.

Ranar da la'asar ni ke zuga, warin fatar akuyar zugazugin ya cika mini hanci.

"Baba, hannuna ya gaji."

"Daure, uwata. Da ƙarfen ya lanƙwasu, gobe za mu biko."

Har magariba ƙarfen bai yi laushi ba. Sai da na girma na san gawayin itacen ƙirya maƙera ke hurawa, mu kuwa na murhu muka zuba. Kafin kaka alƙali ya raba auren. Har yau zuciyata tana tsugune gaban wutar nan, tana jira.