Ramin Ƙarshe na Baltasar

Anselmo ya ɗaura wa Baltasar bel a kujerar gaba, ya jefa jakar sandunan golf a baya, ya ja mota ba tare da ya kunna fitila ba. Uwargida Graciete, matar Baltasar, na can tana barci. Dole ya kai mutumin nan filin golf kafin ta farka ta ga ba ya gida.

Ba ya jin tsoro, ba ya jin komai ma. Tun ranar da likita ya girgiza kai, zuciyar Anselmo ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Tun suna samari yake ɗaukar wa Baltasar Rocheta, gwanin golf, jakar sanduna. Tare suka ciyo kofi a Sikotlan cikin ruwan sama, suka ciyo a Amurka, har masuntan yankinsu na Algarve da ba su san kan wasan ba suka koyi yin shiru gaban talabijin. Kofi ɗaya ne ya gagare shi, na nan gida, a filin da ya tashi. Ramin ƙarshe da ake saka ƙwallo a wasan ne ya kayar da shi. Anselmo ya ce masa iska daga teku take, ya rage ƙarfi. Baltasar, da taurin kai irin nasa, ya buga yadda ya ga dama, ƙwallo ta zarce ramin ta faɗa ruwan da ya kewaye shi.

Da cuta ta kwantar da shi, maganarsa kullum ɗaya ce: "Ka mayar da ni ramin nan, Anselmo." Graciete kuwa ta ce ko kusa. Ta ce filin ya cinye mata miji yana da lafiya, yanzu nata ne, wurinsa coci.

A bakin ƙofar fili, Custódio mai gadi ya fito da kofin gahawa a hannu.

"A'a, tsohon jaki, har yanzu kana ɗaukar kaya? Ba a buɗe ba, koma gida ka shafa wa gwiwarka mai."

"Ba ni kaɗai ba ne."

Custódio ya leƙa cikin motar. Dariyar ta bushe masa. Ya cire hula.

"Uwargida ta sani?"

"Za ta sani."

"Ni dai ban ga kowa ba," in ji Custódio, ya buɗe ƙofa.

Baltasar bai taɓa yarda da ƙananan motocin fili ba, cewa yake golf da ƙafa ake yin sa. Don haka a ƙafa suka tafi. Raɓa ta jiƙa takalmin Anselmo, gwiwarsa na ƙara, jaka na dukan bayansa. A hanya yana ta tuna wa Baltasar: nan ka karya sanda, nan ka zage ni gaban 'yan jarida. Baltasar bai tanka ba. Dama shi a fili ba ya magana.

Waya ta fara ruri a aljihu. Graciete ce. Ta katse, ta sake kira. Ya bar ta tana yi.

Suka iso kan tudun da ake buga ƙwallon ramin ƙarshe. Ruwan na nan inda yake, tutar ramin na kaɗawa can tsallake. Anselmo ya ajiye jaka, ya durƙusa da ƙyar, ya tsinko ciyawa ya watsa sama kamar yadda ya saba kafin kowane bugu. Ciyawar ta yi wajen tutar.

"Daga teku take, maigida," ya ce. "Yau kam sai yadda na ce."

Ya juya wa teku baya, ya buɗe murfin tulun da ya rungumo daga kujerar gaba, wanda Graciete ta shirya rufewa a bangon coci da tsakar rana, ya saki tokar gawar Baltasar da aka ƙona, iska ta haye da shi ruwan.