Ɓargon Al-Amin

Rashida na zaune gefen shanyar tattasai, hannunta dafe da saifarta da ta kumbura, sai ga Al-Amin ɗan kawunta da takardar analiz, sakamakon gwajin jininsu. Saura wata biyu a ɗaura musu aure.

"Namu ya dace," ya ce. "Ni zan ba ki ɓargon."

Likita bai ɓoye mata komai ba: ɓargonta ya ƙandare, ya daina yin jini, kuma ko an yi dashen sabon ɓargo a ƙasar waje, ba kowa ke dawowa ba. Wani ma sabon ɓargon ne ke juyowa ya yaƙi jikinsa.

Inna, mahaifiyarta, ta miƙe daga tabarma. Ko malami ɗaya ba ta tambaya ba, ta yanke hukunci!

"Shan nono ma ya haramta aure, balle ɓargo? In ka bayar, ta zama ƙanwarka."

Rashida ta dube shi. "Al-Amin, in an fasa auren, kuma na mutu a can fa?"

Ya juya wajen Inna.

"Na ji, Inna. A fasa. Haɗa mata kaya, jibi za mu Yamai, daga can mu wuce ƙasar waje."