Zanzibar ko Mombasa

Saura mako uku bikinsu, Nu'uman ya zo zance gidansu Fadila a Daura. A soro ya miƙa mata waya yana murmushi.

"Zaɓi inda za mu huta bayan biki, Zanzibar ko Mombasa?"

Ta kalli hotunan bakin teku da ke cikin wayar, ta ɗago idanunta jajur.

"Ni za ka kai bakin teku in yi dariya?"

"Fadila, ai shekara huɗu ke nan..."

"Ashe kana ƙirgawa! Kai ka goya Yaya Jibril a babur har iyakar Nijar, kana ce masa Turai ta kusa. Ko gawarsa tekun bai dawo mana da ita ba."

Ya sunkuyar da kai. Ta dangwarar masa da wayar.

"Shiga ka nuna wa Inna. In ta zaɓa, zan bi ka."