Gurbin Sule Guda

Kai da kake ta zancen abin da ba ka samu ba, bari in ba ka misalin wani mai sayar da yadi, mutumin da har yau in na tuna shi raina ke ɓaci. A ƙasarsu, gidan buga kuɗi na gwamnati kan fitar da sulen zinariya kowace shekara, kowanne da irin zanensa. Shi kuwa tun yana da ƙuruciya yake saye yana jerawa a wani akwati mai gurabe, ya ɓoye a ramin da ya haƙa bayan kabad. Rufin ɗaki na yoyo, miya ba nama, iyali na haƙuri, duk don ya ce guzurin tsufansu ke nan. Bakinsa kuma gum, ko maƙwabci bai sani ba. Sai dai akwai gurbi ɗaya fanko, na shekarar da ya yi jinya. Akwati cike fal, amma in ya buɗe, gurbin nan kaɗai idonsa ke gani.

Gurbin nan ne ya kwance masa baki. Mutumin da ya shekara da shekaru yana shiru, ga shi yana bin dillalai rumfa-rumfa yana cigiya. Ba a jima ba wani baƙo mai fara'a ya yi sallama da sulen shekarar, a manne cikin robar da ake rufe shi da ita. Masu wannan sha'awa ba sa fasa robar, wai hannu na rage wa sule daraja, don haka mai yadi ya saya, ko tunanin kai wa maƙeri ya goga a dutsen gwaji bai yi ba. Baƙo ya ce, "Ɗauko 'yan'uwansa mana, mu ga ko ya dace da su." Wawan Allah, nan take ya ture kabad a gaban mutumin da ko sunan garinsu bai sani ba. Ranar da gidan ya watse zuwa wani biki, suka dawo suka tarar da akwatin a tsakar ɗaki, an yashe shi tas. Sule ɗaya tak aka bar masa a gurbinsa, wanda aka sayar masa. Ya fasa robar da haƙori, sai ga tagulla da ruwan zinariya. Matarsa ta dubi gurbin, ta dubi rufin da ke yoyo, ta ce, "To, ga shi ya cika."

Shi ne Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.