Layin Wankin Zuciya

Tun da aka kawo injin wankin zuciya garin nan, ɗaya ga Muharram ta koma ranar bin layi. Ka shiga ɗakin da baƙin cikin bara, ka fito wasai, ba ka tuna komai nasa. A da kuwa, Allah sarki, gida-gida ake bi ana gaisawa, ana yafe wa juna.

Goggo Tasalla ta zo ne a cire mata rasuwar mijinta. Wata takwas ke nan abinci ba ya mata daɗi.

Tana cikin layi sai ga Kande mai ƙosai ta fito daga ɗakin, fuska sai sheƙi. Ita ɗanta ta rasa da damina, kuma Tasalla ce ta yi kwana bakwai a ɗakinta tana rarrashinta.

"Kande, an wanke?"

"Tas, Goggo! Amma ke kam ba ki da zumunci. Shekara guda ko leƙo ni ba ki yi ba!"

Ta wuce abinta tana dariya.

Tasalla ta bi ta da kallo. Ta tuna maƙwabciyarta Lantana, wadda duk da ciwon gwiwa kullum safiya sai ta kawo mata kunun gyaɗa, har ta fita takaba. Ashe har da kunun za a wanke.

"Goggo, layi ya zo kanki," in ji ma'aikaciyar da ke kula da layin.

"Ba wa na bayana, 'yar nan," ta ce, tana gyara mayafi. "Akwai wadda zan je in yi wa godiya. Kuma ina so gobe ma in san dalili."