Ta'aziyyar Hajiya Dela

"Malam, cire ƙarfen nan daga tayata!" in ji Labaran. Gwajin ido kawai ya kawo surukarsa, Hajiya Dela, ya fito ɗauko mota ya tarar an yi mata clamp, an kulle tayarta da ƙarfe, a harabar asibiti.

Mashud, mutumin Ghana mai tsaron wurin, ya ce sai an biya tara. Labaran ya yi Turanci, ya yi barazanar kai ƙara council, wato ƙaramar hukuma, duk a banza. Sai ya marairaice.

"Surukata ce ta rasu yanzu a ciki."

Mashud ya yi salati, ya kwance ƙarfen da hannunsa, har ya tambayi inda suke zaune. Labaran ya zagaya ta ƙofar baya ya ɗauki Hajiya, yana murmushi.

Washegari Mashud ya ƙwanƙwasa ƙofar flat ɗin su Labaran a unguwar Abbey Wood, da jama'ar masallacin da yake salla a bayansa. Hajiya ce ta buɗe.

"Mun zo ta'aziyyar surukar Malam Labaran, Mama."

Ta waiwaya ta dubi Labaran, ta cire gilashinta a hankali.

"Ku shigo, 'ya'yana. Ba ku yi zuwan banza ba, yanzu za a samu gawa."